Cuku Mai Kunne a Zangon Kumasi

Sunan nan da kuke kirana da shi, Malam Salihu, ba a yanka rago a kansa ba. Ni na raɗa wa kaina shi a Salga, a bakin wata rijiya, ina wanke ƙafa. Sunana na yanka Barka. An haife ni a rugar Abzinawa arewa da Tawa, mahaifiyata kuwa baiwa ce, aikinta tatsar nono da yin cuku. Yanzu da gemu ya yi fari ina faɗin haka ba gargada. Amma an yi lokacin da na gwammace a sare mini hannu da in faɗe shi.

Ayarin fatake na biyo, ina kora musu jakuna, a shekarun da jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Kumasi ba. Guzurina busasshen cuku ne cikin jakar fata, sai wani ɗan ƙullin fata kamar laya da Inna ta rataya mini a wuya. Ba rubutu a cikinsa. Busasshen tumbin ɗan akuya ne wanda bai taɓa cin ciyawa ba, irin wanda ake jiƙa ɗan ɓallinsa a zuba ruwan a madara ta kama ta zama cuku. Ta ce duk ƙasar da na faɗa, in dai akwai saniya, ba zan kwana da yunwa ba.

A ƙasar Gurma na fara sanin matsayina. Muddin akwai cuku a jakata, ni ne Barka ɗan albarka. Duk zangon da muka sauka sai ka ji ana cewa in kawo ɗan abin nan na tsohuwa a motsa baki. Ni kuma wawa, ina rabawa ina jin daɗi. Ranar da jaka ta ƙare aka yi tuwo, na wanke hannu na matso, sai wani ya ɗebi nawa a sakaina ya tura mini gefe da ƙafa. Ya ce Buzu ba ya sa hannu a akushi ɗaya da ɗa. Sauran suka yi dariya, wani ya ƙara da cewa warin akuya ma ya ishe su. Cukun uwata bai gama narkewa a cikinsu ba. Na ci tuwon, don yunwa ba ta san zuciya ba, amma abin ya tsaya mini a rai.

Daga Sansanin Mango ƙasa ta fara sauyawa. Ni da na tashi inda kake hango mai raƙumi tun yana tafiyar rabin yini, sai ga ni cikin ciyawar da ta fi ni tsawo. Ruwa kullum, tufafi ba sa bushewa, jakuna na mutuwa ɗaya bayan ɗaya saboda cizon ƙuda. Kewar gida ta kama ni har in na ji kukan ɗan maraƙi sai in tsaya kamar an kira sunana.

A Yandi na haɗu da wani mai daɗin baki, Ɗan'azumi. Shi kaɗai ya ci abinci da ni kwano ɗaya, saboda haka da ya ce in bar ayarin nan na marasa mutunci mu yi gaba mu biyu, ban yi shawara da kowa ba. Mun kai Salga lafiya. Na shiga wanka, na fito, ba Ɗan'azumi, ba bargona, ba takalmana. Abin wuyana kaɗai ya bar mini, don da shi na shiga ruwa.

Wani tsohon malami ya tsince ni a ƙofar masallaci. Wata uku na yi ina yi masa itace, yana ba ni abinci da wata tsohuwar riga. A wurinsa na hardace 'yan surori, na kuma koyi abin da ya fi surorin yi mini amfani a lokacin: yadda malamai ke zama, yadda suke jinkirta amsa, yadda suke shafa gemu ko da babu shi. Na duba na ga duk garin ba wanda ya san uwata. Sai na yanke shawara Barka ya tsaya a Salga, Salihu ɗan limamin wani ƙauye a ƙasar Ƙonni ya ci gaba da tafiya.

A mashigin Yaji na fara gwada sabuwar rigar. Mai kwalekwale ya ga abin wuyana ya tambaya, na ce laya ce mahaifina liman ya rubuta mini kafin ya rasu. Nan take ya tashi wani daga wuri mai kyau ya zaunar da ni, ya ce yau kam ba mu nutsewa. Na yi mamakin yadda ƙaryar ta wuce sumul, ko sarƙewa ban yi ba.

Na shigo Kumasi da rarrafe, kusan. Kurkunu ya fito mini a ƙafar hagu tun daga Atabubu, ƙafar ta kumbura kamar turmi. Aka nuna mini gidan Malam Garba a Zango, mai masaukin baƙi, Bakano ne amma a nan aka haife shi, dillalin goro. Ya ji ɗan liman ne, ya ba ni ɗaki. Wadda ta yi jinyata kuwa matarsa ce, Mame Adisa, Batoniya ce, wato 'yar asalin ƙasar Kumasi, da ta musulunta, mai gasa burodi a tanderun ƙasa a bayan gida tana sayar wa ma'aikatan jirgi. Kullum da safe za ta zo ta zauna a ƙasa, ta ɗora ƙafata mai wari a cinyarta, ta naɗe zaren kurkunun a ɗan tsinke kaɗan-kaɗan don kada ya tsinke. Hausarta irin ta Zango ce, mace da namiji duk “shi” ne a bakinta. In na yi ƙara sai ta ce, “Yi haƙuri ɗana, shi zai fita. Uwanka yana nesa, ni ne uwanka nan.” Ni kuwa na riga na gaya mata uwata ta mutu tun ina goye.

Shekara biyu na yi a gidan, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗinsu. Na iya zaɓen goro, na iya jera shi a ganye a ɗaure huhu. Malam Garba ya riƙa zaunar da ni a tabarmarsa a zaure, in baƙi sun zo ya ce ga ɗan malamai. Har wata rana jikar Mame ta yi zazzaɓi, ta zo ta roƙi aron layata ta rataya mata. Na ba ta, yarinya ta warke. Daga ranar matan unguwa suka riƙa gaishe ni da rusunawa saboda tumbin ɗan akuya. Sannan maigida ya fara maganar ba ni 'yar ƙanwarsa, Hajara, wadda ita ma ba ta ƙi ni ba. Duk wannan a kan limamin da ban taɓa gani ba aka gina shi, kuma na san in ya faɗi, da ni zai faɗi.

Ana cikin haka fataken shanu suka sauka gidan, mutanen Adar. Tun daga soro na ji harshensu na gane mutanen wajenmu ne. Da na leƙa na ga shugabansu, Madugu Illa, sai na ja da baya, don ya sha sauka a rugarmu yana sayen cuku. Na tuna na bar gida ba gemu, yanzu ga gemu ga rawani. Na ja rawanin har gira, na rage magana.

Baƙin nan suka ƙi abinci. An kai musu sakwara da miyar manja, sun taɓa da ɗan yatsa sun mayar. An kai dafaffiyar ayaba, sun ce wannan ai sai birai. Kwana biyu suna tauna ɗan garin da suka zo da shi. A rana ta uku da sassafe suka aiko wa matar gida tulu guda na madara, daga shanun da suka haihu a hanya, wai kyauta ce.

Na zagaya bayan gida in ɗebi ruwa, na tarar da Mame zaune gaban tulun tana share hawaye da bakin zane. Mutanensu ba su shan madara, ita ko warinta ba ta so. Ta ce dangin mijinta shekara talatin suna cewa ya auro wadda ba ta san abincin mutane ba, yanzu ga baƙi za su koma arewa su ba da labarin gidan Malam Garba da ake kwana da yunwa. Ta nuna tulun ta ce, “Wannan abu, ni bai san shi ba kuraa, ko kaɗan. In ya lalace kuma su ce na raina kyauta.”

Na tsaya ina kallon madarar. Tana da ɗumi, kumfarta ba ta kwanta ba. Ina so in ce tausayin Mame kaɗai ya motsa ni, amma har da kwaɗayi. Shekara uku rabona da cuku. Na sa ta rantse da Allah cewa duk wanda ya tambaya, ita ta yi. Ta rantse. Sai na cire layar a gabanta na farke ɗinkin da wuƙa.

Ta leƙa, ta ga abin da ke ciki, ta dube ni. Wannan ce layar da ta rataya wa jikarta. Ta tashi ta kawo mini ƙwarya.

Aikin ba wuya gare shi ba ga wanda ya sani. Na ɓalli kaɗan na jiƙa a ruwan ɗumi, na tace na zuba a madarar, na rufe. Kafin ta gama kwashe burodinta madara ta kama, ta yi kamar hanta. Na samo ɗan asabari na shimfiɗa, ina ɗiba da ludayi ina zubawa, ina dannawa da tafin hannu ruwan na tsiyayewa, har ya zama 'yan fale-fale masu kusurwa huɗu, kowane bai fi tafin hannu ba. A gida daga nan sai a shanya a rana kwana biyu. To Kumasi ce, sama a rufe, iska a jiƙe, in ka shanya abu da safe da yamma ya yi fumfuna. Na rasa yadda zan yi. Mame ce ta nuna tanderunta, ta ce wuta ta mutu amma cikin da sauran zafi. Muka shafa wa ganyen ayaba ɗan man gyaɗa, muka jera su, na barbaɗa gishiri, muka tura ciki muka toshe bakin.

Da muka buɗe, ƙamshin ya kusa kayar da ni. Sun ɗan kumbura, gefensu ya yi ja, cikinsu da laushi. Mame ta ɗiga musu zuma. Na ɗauki ɗaya na kai baki, sai na juya mata baya don kada ta ga idona. Ban lura da komai a jikinsu ba. Hannuna ya yi abin da ya saba, ni ban sani ba.

Bayan la'asar aka kai wa baƙi a faifai, da dabino a gefe, a matsayin abin taɓawa kafin shinkafa ta nuna. Ina zaune kusa da maigida. Mutanen da suka kwana biyu suna yatsine suka faɗa wa faifan ba ko bisimilla mai ƙarfi. Malam Garba sai murmushi yake, yana cewa a ci, gida ne.

Madugu Illa kaɗai bai ci ba. Ya ɗauki ɗaya yana juya shi. Ya ajiye, ya ɗauki wani. Sai a lokacin na gani. Kowane ɗaya an naɗe masa kusurwa guda an danne da babban yatsa, ta tashi kamar kunnen ɗan akuya. Haka Inna ke yi wa nata don uwargijiyarta ta bambanta shi da na sauran bayi. Tun ina ƙarami ni ke taya ta naɗewa.

“Wa yay yi wanga?” in ji Madugu.

Maigida ya ce iyalinsa ce, ya sa aka kira ta. Mame ta tsaya bayan zana ta ce, “Ni ne na yi, Baba.” Madugu ya yi mata godiya, sannan a hankali ya tambaye ta da me ta kama madarar. Na ji numfashinta ta bayan zanar. Kalma ɗaya za ta faɗa ta huta, amma matar nan ta ce sirrin mata ne, ta juya ta koma ciki.

Madugu ya gyaɗa kai. Ya ce shi dai a duk yawonsa mace ɗaya ya sani mai yi wa cuku kunne, wata baiwar Abzinawa arewa da Tawa. Ya ce tana da ɗa guda, Barka, da ya bi fatake zuwa Gwanja shekara uku ke nan, ba labari. Duk ayarin da zai yi kudu sai ta fito bakin hanya ta tare shi. Yana maganar yana bin fuskokinmu da kallo, har idonsa ya sauka a wuyana, inda sabon ɗinki ke jikin tsohuwar fata.

Malam Garba, da zuciya ɗaya, ya juyo ya ce, “Malam Salihu, ai kai mutumin wajen ne. Ko ka san ta?”

Ga Hajara, ga tabarma, ga gaisuwar matan unguwa. Na tuna sakainar Gurma. Na shafa gemu yadda na koya a Salga, na jinkirta amsa, sannan na ce, “Ina ni ina sanin baiwar Buzaye? Gidanmu ba mu hulɗa da irinsu.”

Ba wanda ya tilasta mini ƙarashen. Da na ce ban san ta ba, da ya isa.

Madugu ya daɗe yana kallona. Na jira ya tona ni, har wani ɓangare na zuciyata na roƙon ya tona. Bai yi ba. Ya jawo jakarsa ya fito da wani ƙunshi a tsohon zane, ya ce saƙonta ne, wata uku yana ɗauke da shi. Ta ce ya ba ɗanta. In bai gan shi ba, ya ba duk wanda ya iya gasa shi, kada ya lalace a banza. Ya miƙa wa maigida ya ce a kai wa matar gida, tunda ita ta yi. Sannan ya ɗauki cukunsa ya ci, ya ce ya yi daɗi.

Da na koma ɗakina kafin magariba na tarar da ƙunshin a kan tabarmata. Na san zanen, shi take ɗaurawa in za ta tatsa. Na kwance. Cuku ne busasshe, an jera shi da kyau, kowane da kunnensa. Amma kunnuwan sun karkace, wasu ma ba su dannu ba, alamar yatsan ya daina ƙarfi. Ban iya ci ba, ban iya rufewa ba. Kunyar da na ji a ranar ban taɓa jin irinta ba, kuma ba wanda ya zage ni balle in samu abin jin haushi.

Ranar da za su tashi na bi Madugu har bayan gari, inda ba idon Zango. Na tsuguna na kama gefen rigarsa, na ce ni ne. Ya ce ya sani tun ranar da ya sauka, don tafiyar Inna gare ni. Na roƙe shi kada ya gaya mata abin da na ce.

“Ba ni kai ma tsohuwa wagga magana,” in ji shi. “Ce mata nika yi saƙo ya kai hannun wanda ya iya gashi. Saura kuwa, kai ka da bakinka.”

Na ce ya gaya mata ina nan tafe bayan damina. Bayan damina aka ɗaura aurena da Hajara, na ce sai baɗi. Da baɗin ta zo Madugu ya dawo da shanu, ya ja ni gefe ya yi mini ta'aziyya a ɓoye. Ta samu saƙon, ta yi murna, ta kuma ci gaba da fita bakin hanya har ƙafa ta gaza. Ko zaman makoki ban yi ba, don uwar Malam Salihu ta mutu tun yana goye. Na koma zaure na ci gaba da zaɓen goro.

Asirin da na roƙi Allah ya rufa mini, ya rufa. Mame ta tafi kabari da rantsuwarta. Sai da Malam Garba ya tsufa ƙwarai, haƙora suka zube, wata rana da hantsi muna zaune mu biyu ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Barka, gasa mini ɗan abin nan mai laushi.” Ya ce a lokacin ya yi shekara talatin yana zaune da matar da ko warin madara ba ta so, ai ba yaro ba ne shi. Tun a zauren ya gane, bayan tambaya ta riga ta fita daga bakinsa. Ya ce da na faɗi gaskiya a ranar, da Hajarar dai zai ba ni, don ɗan da ya farke layarsa don kada Mame ta yi kuka ya fi masa ɗan liman. Abin da ya daɗe yana damunsa ɗaya ne, amsar da na bayar.

Yau 'yata ke gasa shi a tanderun nan. Duk gidan da aka yi baƙin arewa a Zango sai an aiko a saya, a kai musu a faifai da dabino kafin abinci. Tana naɗe kusurwa ta danna da babban yatsa, don haka ta ga ina yi. Kowa a unguwa cukun Mame Adisa yake ce masa, kuma Mame ta cancanci a tuna ta, amma ba kunnenta ba ne.

A wajenmu ɗa ba ya kama sunan mahaifiyarsa, saboda girmamawa. Ni ba don girmamawa na ɓoye shi ba, saboda haka ba ni da hakkin fakewa da al'adar. Sunanta Tamu. Ita ke yi wa cuku kunne, kuma ni ne ɗanta.